Sojan da ake fizgowa baya: abin da na tarar a gidan Yaya a Jidda

Yaya ce ta kira ni, ba yaron ba. Ta ce in zo in duba mata akwatin intanet ɗin gidan kafin Auta ya fasa wayar da aka saya masa da ƙyar, don daren jiya ta ji wani abu ya daki bango. Sana'ata a Jidda ita ce ɗaura kamarori da shimfiɗa wayar intanet a shaguna, saboda haka duk na'urar da ta yi gardama a dangi, ƙofata ake bugawa.

Gidan haya ne a hawa na biyu, cikin wani gini mai gidaje goma sha biyu da suka koma bayan rusau ɗin da ya ci tsofaffin unguwanni irin su Gulail da Sabil tsakanin 2021 da 2022. Wayar gilashi, wadda ake kira alyaf a nan, ba ta shigo ginin ba. Abin da suke da shi rawta ce mai shariha, wato mai ɗaukar layin waya, tana jawo sabis daga ƙarfen unguwa ta raba wa mutanen gida: Yaya, maigidanta, 'yarsu ta fari da nake tsokana da Hajiya Ƙarama, sai Auta mai shekara 16.

Wasansa shi ne na harbin nan da ake zuba mutum ɗari a tsibiri, kowa ya nemi makami, na ƙarshe da ya rage shi ne gwani. Su huɗu ne a ƙungiyarsu. Biyu 'yan unguwa ne, ɗaya kuma ɗan baffansa ne da ke Kano. Suna haɗuwa wajen ƙarfe goma na dare. Tun da aka yi gasar duniya ta wasannin kwamfuta a Riyad a 2024, aka raba kyautar da ta haura dala miliyan 60, yaran unguwar suka daina ɗaukar abin a matsayin wasan yara, ko da iyayensu ba su daina ba.

Ƙorafin Auta ɗaya ne. Zai ruga da sojansa zuwa ƙofar wani ɗaki, ya ga ya shiga har ya laɓe, sai kawai ya tsinci kansa a waje, tsakiyar fili, ana yi masa ruwan harsashi. Wani lokaci zai hau matakala ya kai sama, a dawo da shi ƙasa. Ya kwatanta mini da hannu, na ce ai wannan akuya ce a turke: ta zabura da gudu, igiya ta ƙare, ta dawo da ita. Abokan sun fara maganar neman wani a madadinsa, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai.

Kafin in zo an riga an kashe kuɗi. Ya matsa wa Yaya har aka koma babban tsarin biya na wata-wata. Ya sauke manhajoji biyu masu alƙawarin gyara wasa. Ya nuna mini gwajin gudu a wayarsa, megabit 90 da ɗoriya a sakan, yana huci: ga gudu kamar iska, amma wasa ya ƙi. Daga baya ya samu wanda zai ɗora wa laifi. Ranar 6 ga Satumban 2025 wayoyin ƙarƙashin teku biyu, SMW4 da IMEWE, suka samu matsala a Bahar Maliya kusa da Jidda, intanet ya yi nauyi a Indiya da Fakistan da Daular Larabawa, har Microsoft ta sanar da abokan hulɗarta cewa za su ga ƙarin jinkiri. Auta ya riƙe wannan labari gam.

Na ce masa, “Yaushe abin ya fara?”

Ya ce, “Tun hutu, Kawu.”

Hutun makaranta kuwa tun kafin Satumba ne da nisa. Waya ba ta tsinke a teku ba sai bayan ciwon ya yi wata biyu. Ban kore ta gaba ɗaya ba, domin idan hanya ɗaya ta yanke, sauran kan cika da dare, amma na ajiye ta a gefe.

Tambayar da ta fi amfani ita ce ta biyu. Na ce, “Kai ake fizgowa baya, ko abokan gaba ne kake gani suna ɓacewa suna bayyana?” Ya yi shiru, don a bakinsu duk abu ɗaya ne, lag ko ta'aliƙ, wato jinkiri ko maƙalewar wasa. Da ya yi tunani sai ya ce shi ake fizgowa. Sauran mutane yawanci lafiya lau suke tafiya. Daga nan na san ɓangaren da zan duba, amma sai an fahimci yadda wasan yake aiki kafin a ga dalili.

Duniyar wasan ba a cikin wayar Auta take ba. Tana kan wata babbar kwamfuta mai nisa, uwar garke, wadda yaran ke kira sirfar. Ita kaɗai ce ke da ikon cewa wane yana nan, wane ya mutu. Wayar tana aika mata 'yan ƙananan ƙunshin saƙo sau da yawa a cikin sakan ɗaya, na danna gaba, na juya dama, na harba, ita kuma tana mayar da bayanin inda kowa yake. Lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo shi ne bing ɗin da suke kallo a kusurwar allo, kuma ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Da wayar za ta jira izinin uwar garke kafin ta motsa soja, da kowane taku sai ya zo a makare, kamar mai tuƙa mota da sitiyarin da ke amsawa bayan an wuce kwana. Haka wasan Quake ya yi wa masu intanet ɗin wayar tarho a 1996, har John Carmack ya fito da QuakeWorld a ƙarshen shekarar da wata dabara da kusan kowane wasa irin wannan ke amfani da ita har yau. Wayar ba ta jira. Da ka danna, take motsa sojanka bisa zaton uwar garke za ta amince. Idan amsa ta iso ta dace da zaton, ba ka ganin komai. Idan ta saɓa, maganar uwar garke ce ke tsayawa, a ɗauke ka daga inda kake zato a mayar da kai inda ta ce.

To yaushe amsa ke saɓawa? Idan saƙonninka ba su isa kan lokaci ba. Uwar garke ba ta tsayawa jiran kowa. Tana lissafa duniyar sau da dama a sakan, wasu wasannin sau 64, Valorant sau 128, wato kowane milisakan takwas bai cika ba. Idan ta ji shiru daga gare ka, a wurinta kana tsaye ne ko kana kan hanyarka ta ƙarshe. Idan kuma saƙonni ashirin suka faɗo mata lokaci guda, ba za ta yarda mutum ya yi tafiyar taku ashirin cikin ƙiftawar ido ba, domin haka masu maguɗi ke yi. Sai ta ƙi wasu, ta aiko da nata hukuncin. Abokan gaba da ke tsalle-tsalle alama ce ta matsala a hanyar saukowa. Kai da kanka a fizgo ka, a fi zargin hanyar hawa, daga waya zuwa uwar garke. Gwajin gudun da Auta ke alfahari da shi kuwa babbar lambarsa ta saukewa ce. Ba ya ko kallon ƙaramar da ke ƙarƙashinta.

Washegari na dawo da kwamfutata bayan la'asar. Na buɗe tagogi uku, kowace tana aika ɗan saƙo sau biyar a sakan tana rubuta lokacin dawowarsa. Ta farko zuwa rawtar da ke falo, ta biyu zuwa wata kwamfuta a cikin Saudiyya, ta uku zuwa Frankfurt a Jamus. Da rana komai lafiya. Rawta milisakan biyu zuwa huɗu, cikin ƙasa wajen 30, Jamus wajen 90. Wannan 90 ɗin ba laifin kowa ba ne. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan, wato kowane kilomita 100 na nisa yana ƙara milisakan ɗaya zuwa da dawowa. Daga Jidda zuwa Frankfurt ya haura kilomita 4,000 ko a miƙe, ita kuma waya ba a miƙe take bi ba, sai ta ratsa Bahar Maliya da Masar da Bahar Rum.

Na zauna na ci tuwon Yaya, na yi isha'i, na jira. Ƙarfe goma da kwata Auta ya shiga wasa. Ba a yi minti biyar ba ya buga ƙafa. Na dubi allona: taga ta biyu ta tashi daga 35 zuwa sama da 400, ta tsaya a can kusan minti guda, sannan ta faɗo. Ta uku ta tashi da daidai wannan adadi a daidai wannan lokaci. Da teku ce, ta Jamus kaɗai za ta tashi ta bar ta cikin ƙasa. Tunda tare suka tashi, ciwon yana wurin da suka haɗa hanya, tsakanin falon Yaya da ƙarfen sabis. Wayar ƙarƙashin teku ta fita daga zargi.

Saura biyu: ko ƙarfen unguwa ne ya cika da dare, ko wani abu a cikin gidan. Na roƙi kowa ya kashe wayfay ɗin wayarsa na minti goma. Lambar ta sauka ta zauna tsakanin 40 da 55, ba ta ƙara zabura ba. Sai na riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta kunna karatunta, shiru. Maigida ya koma kallon ƙwallonsa, ta ɗan motsa kaɗan. Hajiya Ƙarama ta kunna tata daga ɗaki, ba a yi sakan talatin ba lambar ta haura 400.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Hajiya Ƙarama tana sayar da abaya da turare da dabino ga mata a Kano da Kaduna ta WhatsApp da Instagram, kuma tun lokacin hutu ta koma ɗaukar bidiyon kaya maimakon hoto. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Ƙarfe goma na daren Jidda takwas ne a Kano, lokacin da masu sayenta suka gama girki da sallah suka ɗauki waya. Lokacin kasuwarta da lokacin yaƙin ƙanenta ɗaya ne.

Yadda bidiyo ɗaya ke gurgunta soja, na yi wa Yaya bayaninsa da injin niƙa, ta gane nan take. Hanyar hawa ta gidan da dare ba ta wuce megabit shida a sakan, duk da ta saukewa tana kai 90. Wayar da ke tura bidiyo ba ta da kunya. Tana zuba wa rawta iya abin da za ta karɓa. Rawta kuma ba ta zubar da abin da ya fi ƙarfinta, sai ta jera shi a layi. To ga mai buhu goma a gaban inji, ga yarinya da kwanon gero ɗaya a bayansa, mai niƙa kuma ya rantse sai bi da bi. Saƙon Auta bai fi kwanon nan ba, duk wasan ba ya cin megabit ɗaya, amma sai ya jira buhunan. Lissafin ma ya fito: layin kilobait 300 a hanyar megabit shida yana ɗaukar milisakan 400 kafin ya wuce. Idan soja yana gudun mita shida a sakan, cikin wannan lokaci ya ci kusan mita biyu da rabi. Nisan da ke tsakanin bakin ƙofa da inda ake mayar da shi ke nan. Wani injiniya Ba'amurke, Jim Gettys, shi ya yayata wannan cuta a 2010 bayan ya gano ta a gidansa, ya nuna cewa yawan wurin ajiya a cikin na'urorin ne ke jawo ta. Shi ya sa ƙarin kuɗin da Yaya ta biya bai yi komai ba: an faɗaɗa mata ƙofar shigowa, cunkoson kuwa a ta fita yake.

Nan aikin ya bar hannun na'ura ya koma na zumunci. Auta ya miƙe yana cewa ai dama ya sani, a hana ta tura kaya daga goma zuwa sha biyu. Hajiya Ƙarama ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Kawu, ka tambaye shi wa ke biyan kuɗin shabakar nan duk wata.” Yaya ba ta ɗaga kai daga carbinta ba ta ce, “Ni dai kada a taɓa wa yarinya neman halalinta saboda harbin ƙarya.” A raina na san hukuncin ya yi daidai. Da a ce babu wata hanya, wasan ne zai matsa.

Amma akwai hanya, kuma ba sabuwa ba ce. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da tsarin da ke hana layi yin tsawo, daga baya aka gina a kansa wasu da ke ware wa kowane mai aike nasa layin, a riƙa ɗiba daga kowanne. Mai niƙa mai hankali ke nan, wanda zai ce wa mai buhu, ɗan dakata in sallami yarinyar nan. Rawtar Yaya ba ta da wannan. Ina da wata tsohuwa a jaka da na ɗora wa OpenWrt, manhajar rawta mai irin wannan tsarin, sai na haɗa ta da waya a bayan ta farko, na kashe wayfay ɗin ta farkon, kowa ya koma kan sabuwar. Sirrin yana wuri ɗaya: sai ka ƙayyade gudun fita ƙasa da abin da hanyar ke iya ɗauka, don layin ya taru a na'urar da ke da hankali, kada ya taru a wadda ba ta da shi. Na sa megabit biyar.

Hajiya Ƙarama ta tambayi abin da za ta rasa, na yi mata lissafi a gabanta. Bidiyon megabait 45 da ke tafiya cikin sakan 60 yanzu zai ɗauki 72. Ta ce sakan goma sha biyu ba za su kore mata mai saye ba. Na sa ta tura bidiyo uku a jere Auta yana cikin wasa. Lambar ba ta wuce 60 ba, soja ya shiga ɗaki ya zauna a ciki.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Taga ta farko, ta rawta, ita ma takan yi ɗan tsalle zuwa 50 ko 60 da dare, domin wayar Auta tana kan zangon wayfay na 2.4, inda hanyoyi uku kacal, 1 da 6 da 11, ba sa shiga juna, ga shi na ƙirga sunayen wayfay sama da ashirin daga ɗakinsa. Na mayar da shi zangon 5, wanda ba ya ratsa bango sosai amma babu turmutsitsi, na kuma ce idan ya je Titin Falasɗinu ya nemi ɗan mahaɗin da ke sa waya ta karɓi igiyar intanet kai tsaye. Na kashe wa wayoyin gidan ɗora hotuna ta atomatik da dare. Manhajojin gyaran wasan nan biyu na goge su. Ɗaya ma zagaye take yi da saƙonninsa ta wata ƙasa kafin su isa.

Akwai abubuwa biyu da ya ci gaba da kira lag waɗanda ba su da alaƙa da wannan. Na farko, bayan rabin awa hoton kan fara sarƙewa. Yana wasa ne waya na caji, cikin kauri-kaurin riga ta roba, a zafin Jidda. Idan waya ta yi zafi takan rage wa kanta ƙarfi, hoto 60 a sakan ya koma 30. Wannan cire riga da cire caji ne maganinsa. Na biyu, wani lokaci yakan laɓe bayan bango sannan harsashi ya same shi. Wannan da gangan aka gina shi. Uwar garke tana komawa baya kaɗan ta duba abin da mai harbi ya gani a allonsa lokacin da ya danna. Idan a wurinsa kana fili, an same ka. Yahn Bernier na kamfanin Valve ya bayyana dabarar tun 2001. Na ce masa shi ma yana cin moriyarta duk sanda ya harbi wani, bai dai taɓa zuwa ya kai ƙara ba.

Bayan sati uku na sake leƙawa. Dare biyar ko shida a mako babu fizga ko ɗaya. Daren Alhamis ne ya ƙi, wani lokaci da na Juma'a. Daren hutu ne, duk unguwa tana kan waya, abin da ƙarfen sabis ke ba gidan yakan faɗi ƙasa da biyar ɗin da na sa, sai layin ya koma taruwa a tsohuwar rawta inda ba ni da iko. Wannan rauni ne na duk intanet mai shariha, ƙarfinsa ba ya zama wuri ɗaya. Na gwada saukar da iyakar zuwa uku, Hajiya Ƙarama ta ce a'a, daren Alhamis ne ta fi ciniki, na mayar. Maganinsa na gaskiya alyaf ne, wannan kuwa maganar mai gini ce.

Ya kuma kawo mini ƙarar ɗan baffansa, wai shi ma in gyara masa daga nan. Saboda shi ne ƙungiyar ke zaɓar sirfar ɗin Turai maimakon na yankin Gulf, inda Bahrain ba ta kai kilomita 1,300 daga Jidda ba, kuma su ukun za su samu kusan rabin jinkirin da suke gani. Na zana masa hanyar a bayan takardar burodi. Saƙon yaron zai bar Kano ya gangara Legas, kusan kilomita 1,000, sannan ya shiga teku. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne kaɗai daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce. Milisakan 80 ke nan tun bai taka cikin Turai ba, ban da abin da layin wayarsa zai ci. Idan suka koma Gulf, nasu zai yi daɗi, nasa ya ƙara lalacewa. Auta ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce za su zauna a Turai, don idan suka cire shi Baffa zai ji labari kafin gari ya waye.